Wai In Karɓi Aron Lambar NAFDAC?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina yin yaji da garin kunu a gida nan Zariya, ina tallata su a WhatsApp kuma Alhamdulillah ana saye. Na kai wani babban kanti sukace basa karɓa sai da lambar NAFDAC, toh sai wani yace zai bani aron tashi in buga a leda ina bashi wani abu duk wata. Wlh jarina bai taka kara ya karya ba, ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Kar ki karɓa, ko kyauta ya baki. Lambar nan ba ta mutum bace, ta kaya ce, kowane kaya da tashi, in shi zoɓo ya yiwa rajista ke kika manna a yajinki sunansa jabu kenan, ranar da jami'ai suka shigo kantin, kayanki za'a kwashe, mai kanti ya zare hannunsa, mai lambar kuma ya rantse bai taɓa ganinki ba.

Fara da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki yi rajistar sunan kasuwanci, sannan ki cike takardu a shafin NAFDAC da ake kira NAPAMS. Zasu zo su ga inda kike aikin da idonsu, kuma anan ne mata da yawa ke samun cikas, don basa son ganin ana dakan yaji a tsakar gida kusa da murhu, kaji na kiwo, yara na wucewa da takalmi. Ɗaki ɗaya ki ware ko ƙarami ne, ƙasa mai gogewa, raga a taga, ruwa mai kyau, masu tayaki su rufe kai. Sai a gwada samfur a lab, a duba lebur ɗinki, wato rubutun jikin ledar: sunan kaya, adireshi, abin da aka haɗa, nauyi, ranar yi da ranar lalacewa. In lambar ta fito shekara 5 take yi kafin ki sabunta.

Gaskiya akwai wahala, kuma yana min ciwo yadda mai ƙaramin jari ke fama, wannan hukuma ta zo, masu haraji su zo, ƙaramar hukuma ma da nata rasit, ya kamata a sassauta muku. Amma bana goyon bayan a bar abin ci kara zube. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ake zuba masa, har waɗanda basu zuba ba abin ya shafa.

Tunda kuɗi ne matsalar, kaya ɗaya zaki fara yiwa, wanda yafi tafiya, ina ganin yajin. Ki je ofis ɗinsu na Kaduna da ƙafarki ki tambayi tsarin ƙananan masu sana'a, banda ƴan tsakiya. Garin kunun ya jira ribar yaji.