Ɗan kwangila na son shiga na'urorin gininmu daga nesa, mu bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen ayyuka na wata sakatariyar gwamnati. An kafa mana tsarin da ke sarrafa iyakwandishan, famfunan ruwa, fitilu da ƙofofin kati, duka daga kwamfuta ɗaya. Ɗan kwangilar ya ce a jona ta da intanet ɗin ofis don ya riƙa gyara daga inda yake. Mutanen sashen kwamfuta sun ƙi. Ni ban ga abin tsoro ba, me ɗan kutse zai ci da iyakwandishan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Injiniya. Mutanen kwamfuta sun fi ka gaskiya a nan, sai dai ƙin kawai ba ya gyara komai, don ranar da sanyi ya ɗauke a ofishin babban sakatare, wani zai jona wayar a ɓoye.

Ka fara sanin halin na'urorin. Yawancinsu suna magana ne da yaren na'urori da ake kira BACnet, wanda ya fito a 1995, ko Modbus na 1979. An ƙirƙire su lokacin da wayoyin ba sa wuce bangon gini, don haka a tsohon tsarinsu ba sa tambayar wane ne ya ba da umarni. Duk wanda saƙonsa ya iso, ko kai ne ko baƙo, za su bi. Akwai kuma shafi mai suna Shodan da aikinsa shi ne lissafa na'urorin da ke buɗe a intanet. Ba sai wani yana jin haushin ma'aikatarku ba, tsinto ku kawai zai yi.

Me zai ci? A 2021 an shiga tsarin KNX (wani irin tsarin sarrafa na'urorin gini) na wani gini a Jamus, aka kulle ɗaruruwan na'urorin fitilu da makamantansu. Abin takaicin, na'urorin suna da wurin sa kalmar sirri, masu ginin ba su sa ba, ɓarayin suka sa tasu. Ka ga ke nan an kulle mai gida da kwaɗonsa. A naku ginin, ka tuna ɗakin manyan kwamfutoci da zafi zai iya kashewa cikin sa'o'i, da ƙofofin da kati ke buɗewa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne shi ɗan kwangilar. A 2013 an sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, kuma ta asusun wani kamfanin gyaran na'urorin sanyi aka fara shiga. Mutane kan ce ta iyakwandishan aka bi. A'a, mabuɗin ɗan kwangila aka sata, daga nan aka ratsa zuwa inda kuɗi suke.

Saboda haka ka koma wurin mutanen kwamfuta da wannan shawara. A ware wa na'urorin gini hanyar sadarwarsu daban, da katangar tsaro tsakaninta da ta ofis. Idan ɗan kwangila zai shiga, ya bi ta VPN ɗin ma'aikata, wato killatacciyar hanyar shiga daga nesa, da asusu mai sunan ma'aikacinsa da lambar tabbatarwa ta biyu. Ku za ku buɗe masa idan gyara ya taso, ku rufe idan ya gama. Ka kuma leƙa cikin akwatunan na'urorin da idonka, don wasu 'yan kwangila kan maƙale ƙaramin modem (na'urar jona intanet) mai layin waya ba tare da kowa ya sani ba. A canza duk kalmar sirrin da ta zo daga masana'anta, kuma kwamfutar nan a daina duba Facebook da cajin waya da ita.

Saura batun wa ke da alhaki. Ko a Amurka, ofishin binciken gwamnati na GAO ya gano a ƙarshen 2014 cewa ma'aikatar tsaron cikin gida ba ta da tsarin tunkarar wannan haɗari a gine-ginen tarayya. Sashen ayyuka na ganin kayan kwamfuta ne, sashen kwamfuta na ganin kayan famfo ne. Ku rubuta sunan mutum ɗaya a takarda. Aikinsa na farko shi ne karɓo kwafin shirye-shiryen na'urorin da babbar kalmar sirrin da ke ba da cikakken iko a kan tsarin daga hannun ɗan kwangila kafin a biya shi ragowar kuɗinsa, sannan ya gwada ko masu gadin dare sun iya kunna famfo da buɗe ƙofa da hannu idan kwamfutar ta mutu.