Tambaya da Amsa: Masu saye ba sa gane hanya a shafina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa da leshi a Kasuwar Barci, ƙanena ya buɗe mini shafin intanet. Masu saye na ƙorafin ba sa gane inda za su danna su ga kaya da farashi. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara da jerin zaɓin da ke saman shafin. Huɗu ko biyar sun isa, kuma da sunayen da ake faɗa a bakin shago: Atamfa, Leshi, Shadda, Tuntuɓe Mu. Farashi kuwa a ƙarƙashin kowane hoto ya kamata ya zauna, kada a ware masa shafi.

Da waya aka fi shiga irin shafinki, don haka babban yatsa ne ma'auni. Apple na ba da shawarar maɓalli ya kai 44 tsawo da faɗi a ma'aunin fuskar waya, Google kuma 48. In ya gaza haka, mai son Leshi sai ya faɗa Shadda. Jerin da sai an ɗora linzamin kwamfuta yake buɗewa kuwa, a waya yakan ƙi aiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne "danna nan". Mahaɗi, wato rubutun da ake dannawa a tafi wani shafi, ya faɗi inda zai kai mutum: "Duba sababbin leshi". Makafi masu amfani da manhajar karanta shafi sukan saurari jerin mahaɗai kaɗai, to me "danna nan" sau goma zai gaya musu? A ja layi ƙarƙashin kowane mahaɗi, kuma kada a ja wa rubutun da ba a dannawa. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1, domin ruwan toka kan fari ɓacewa yake a tsakar rana.

Mahaɗin WhatsApp: wa.me/ sai 234, sai lambarki ba tare da sifirin farko ba. Barin sifirin nan ne ke hana shi kaiwa gare ki.

In ƙanenki ya sauya adireshin wani shafi, ya sa juyarwa ta 301, wadda ke kai mai danna tsohon adireshi zuwa sabon, in ba haka ba tsohon mahaɗin da aka yaɗa zai nuna kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba.

Bayan gyara, ki miƙa wa maƙwabciyarki waya, ki ce ta nemo farashin leshi, kada ki nuna mata komai. Duk inda yatsanta ya tsaya tana tunani, nan za a sake dubawa.