Wai daga ina Heathcliff ya samo kuɗinsa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na gama karanta Wuthering Heights amma abu ɗaya ya tsaya min a rai, har littafin ya ƙare ba a faɗa mana su waye iyayen Heathcliff ba, ba a kuma faɗi inda ya samo dukiya a shekara ukun nan da ya ɓace ba. Marubuciyar ce ta manta ko ni ce na tsallake wani shafi?

Amsa: Ƴar'uwa ba ki tsallake komai ba, ita ma Emily Brontë ba mantuwa ta yi ba, da gangan ta ja bakinta ta yi shiru tun da littafin ya fito a 1847.

Ki tuna yadda yaron ya shigo gidan. Tsoho Earnshaw, mai gidan, ya tafi birnin Liverpool a ƙasa, bayan kwana uku ya dawo cikin dare a gajiye, ya buɗe kwat ɗinsa sai ga yaro duƙun-duƙun da tsumma a jiki yana wani yare da ba mai ji, wai a titi ya tsince shi. Tsarabar da yaran gida ke jira kuwa, gogen Hindley ya farfashe a hanya, bulalar Catherine ta ɓata. Kin ga tun daren farko an riga an ƙi shi. Sunan ma ba nasa ba ne, na wani ɗan gidan ne da ya rasu yana ƙarami aka liƙa masa, shi ne sunansa shi ne kuma sunan zuriyarsa.

To ga inda dabarar take. Wa ke ba mu labarin? Nelly ce, mai aikin gidan, tana ba Lockwood ɗan haya da ke kwance ba lafiya, shi kuma yana rubutawa. Wato iya abin da idon ƴar aiki ya gani da abin da kunnenta ya jiyo a bakin ƙofa, shi ke nan abin da muke da shi, ba a taɓa shigar da mu cikin kan mutumin ba. Da Lockwood ya matsa mata kan shekarun da Heathcliff ya ɓace, karatu ya je yi ne a waje, yaƙi ya je Amurka, ko fashi ya yi a hanya, cewa ta yi ita fa ba ta sani ba. Ta dai lura da yadda yake tsayuwa ƙyam kamar wanda ya yi soja, iyakarta kenan.

Kowa kuma sai ya cike gurbin da abin da ke ransa, irin dai yadda ake yi wa sabon ɗan haya a unguwa in ba ya zama majalisa. Wasu su ce ɗan jifsi ne, wato ƙabilar nan mai yawo gari-gari a Turai, tsoho Linton maƙwabcinsu ya ce ƙila irin ƴan jirgin ruwan Indiya ne ko wani da aka yar daga Amurka ko Sifen, Nelly don ta lallashe shi har ce masa ta yi wa ya sani ko babansa sarkin Sin ne. Masu nazari na yawan nuna cewa Liverpool ta lokacin babbar tashar cinikin bayi ce, zato ne mai ƙarfi gaskiya, amma littafin bai yanke ba, kar ki rubuta shi a jarrabawa kamar tabbas.

Ni a ganina shirun kan kuɗin ya ma fi na iyayen aiki. Da an ce mana kasuwanci ya yi da tuni ya zama attajiri kawai, da an ce fashi ne ya zama ɓarawo mu huta. Da yake ba a faɗa ba, duk sanda ya zauna caca da Hindley yana karɓe gidan a jingina kaɗan-kaɗan, mai karatu na jin tsoron da ƴan gidan ke ji, don ba wanda ya san iyakar abin da zai iya.

Ki gwada da Gatsby, attajirin da ke cikin littafin The Great Gatsby na marubucin Amurka Fitzgerald, 1925. Shi ma baƙi na cin abincinsa suna gulmarsa, wai ya taɓa kashe mutum, wai ɗan leƙen asirin Jamus ne. Amma can sai marubucin ya buɗe, ashe James Gatz ne ɗan talakawan manoma daga North Dakota, daga nan tsoro ya tafi tausayi ya shigo. Fitzgerald tausayin yake nema shi ya sa ya faɗa, Brontë kuwa ba ta so ki samu wannan sauƙin.