Amsa ga Dakta: kwasa-kwasan dogon hutu ta intanet a jami'ar kwana

Dakta, barka da ƙoƙari. Ka ce jami'arku ta kwana ce, ɗalibai suna zaune a cikinta duk zangon karatu, yanzu kuma hukuma tana son a buɗe wasu kwasa-kwasai ta intanet a dogon hutun bazara, an saka ka cikin kwamitin, kana tambaya ko abin zai yiwu da kuma ta inda za a fara. Na daɗe ina koyar da irin waɗannan kwasa-kwasai, na kuma zauna a kwamitin da ke tantance su, to ga abin da na gani.

Zai yiwu. Amma kafin a shiga maganar manhaja da kyamara, ku fara daidaita baki a kan su wa za a koyar. Sau da yawa hukuma tana hangen baƙi ne daga ko'ina a duniya, su yi rajista, kuɗi su shigo. Wannan kasuwa tana da masu ita. An kafa Open University ta Birtaniya tun 1969 don karatu daga nesa kawai. Coursera da edX, dandalolin kwasa-kwasai ta intanet, sun fito a 2012, jami'ar Georgia Tech ta Amurka kuma ta buɗe digirinta na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014. Jami'ar da ƙarfinta yake cikin aji da ɗakunan kwana ba za ta kayar da waɗannan a fagensu cikin hutu ɗaya ba. Mutanenku na gaskiya su ne ɗalibanku da suka tafi gida. Akwai wanda ya faɗi kwas ɗin da sai an ci shi ake wucewa gaba, akwai wanda kwas ɗaya tak ya hana shi kammalawa, akwai kuma wanda yake son rage wa kansa nauyin zango mai zuwa. A yanzu irin wannan ɗalibi ko dai ya jira shekara guda, ko ya je wata makaranta ya ɗauki kwas ɗin ya kawo sakamako, sashe ya zauna yana gardamar ko daidai yake da nasa. Idan kuka ba shi kwas ɗinku, daga bakin malaminku, yana zaune a gidansu, kun kashe wannan gardamar. Shi kansa karatun bazara ba sabon abu ba ne, Harvard tana yin sa tun 1871. Abin da ya sauya shi ne ɗalibin ba ya harabar makaranta.

Inda nake son ka fi tsayawa shi ne lissafin awoyi, don a nan yawancin kwamitoci suke tuntuɓe. A tsarin Amurka, kiredit ɗaya, wato ma'aunin nauyin kwas, yana nufin awa ɗaya a aji da aƙalla awa biyu na karatu a waje, kowane mako, na kimanin mako 15. Kwas mai kiredit 3 ke nan awa 135. A tsarin Turai na ECTS kuwa kiredit ɗaya awa 25 ne zuwa 30 na aikin ɗalibi. Ko wanne kuke bi, awoyin ba sa raguwa don an taƙaita zangon. Raba awa 135 a mako 6, za ka samu awa 22 da rabi kowane mako. A mako 8, kusan awa 17. Ɗalibin da ya ɗauki kwas biyu a mako 6 ya ɗora wa kansa awa 45 a mako, wato ya wuce cikakken aikin ma'aikaci, alhali shi a ransa hutu yake yi, wataƙila ma ya kama wani aiki ko yana taimakon iyaye. Idan ba a faɗa masa wannan lissafi ba kafin ya yi rajista, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya watsar a mako na uku, ko malami ya ji tausayi ya datse kwas ɗin. Na biyun ya fi haɗari, saboda ba ya fitowa fili sai zango ya dawo, malamin kwas na gaba ya tarar da ɗalibai masu maki mai kyau da ba su san rabin abin da ya kamata su sani ba. Daga ranar sunan shirin ya ɓaci a wajen malamai, kuma gyara shi da wuya. Shi ya sa nake ganin a rubuta adadin awoyin ƙarara a shafin rajista, a kuma ƙayyade yawan kwas da mutum ɗaya zai ɗauka.

Sai abin da zaman makaranta yake ba ɗalibi kyauta ba tare da kowa ya lura ba. Abokin ɗakinsa ya tashi zai tafi lakca, shi ma ya tashi. Ya ga ana tururuwa zuwa laburare, ya tuna jarrabawa ta matso. Bai gane wani abu ba, ya tare malami a bakin aji ko ya tambayi na kusa da shi. Duk wannan yana ɓacewa ranar da ya koma gida. Ɗaliban jami'ar kwana sun fi kowa jin wannan rashi, don ba su taɓa koyon tsara wa kansu lokaci su kaɗai ba, makaranta ce take tsara musu.

Bincike ma ya nuna haka. Eric Bettinger da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a 2017 a kan wata babbar jami'a mai zaman kanta a Amurka da take ba da kwas iri ɗaya a aji da kuma ta intanet. Waɗanda suka ɗauka ta intanet makinsu ya fi ƙasa, kuma waɗanda dama suke da rauni su suka fi shan wahala. Ka ga inda gizo ke saƙar: ɗalibin da ya fi buƙatar kwas ɗin hutu, wato wanda ya faɗi, shi ne wanda tsarin ya fi saurin kayarwa. Ban ce a hana shi ba. Cewa nake kada a tura shi shi kaɗai. A irin wannan kwas, a sa mataimakin malami da aikinsa shi ne duba wanda bai shiga ba kwana biyu ko uku, ya neme shi. A zangon mako 15 ɗalibi zai iya ɓata mako guda ya farfaɗo. A zangon mako 6 ya rasa kashi ɗaya cikin shida na kwas ɗin, sauran kuma ihu bayan hari ne.

Game da yadda ake gina kwas ɗin, kada ku ɗauki abin da aka yi a 2020 lokacin korona a matsayin misali. Wancan gudun ceton rai ne, aka kunna Zoom aka karanta lakcar awa biyu ga baƙaƙen akwatunan ɗaliban da suka kashe kyamara. Abin da na ga yana aiki shi ne a naɗi bayanin a gajerun bidiyo, kowanne a kan batu ɗaya, a bi shi da 'yan tambayoyi. Wani nazari da aka yi a 2014 a kan bidiyoyin edX ya gano cewa yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti 6, komai tsawon bidiyon. Sannan a ajiye zama kai tsaye sau ɗaya ko biyu a mako don warware matsaloli da tambayoyi, a naɗe shi saboda wanda intanet ɗinsa ya yanke ko wanda agogon ƙasarsa ya bambanta. Aiki kuma a riƙa karɓa sau biyu a mako a ranaku tsayayyu, ƙanana ƙanana, maimakon babban aiki ɗaya a ƙarshe. Duk abin da aka sa a bidiyo a samar da shi a rubuce, mai sauƙin saukewa a waya. Batun manhaja ba abin ɓata lokaci ba ne: Moodle ko Canvas ko duk wadda kuke da ita ta isa, muddin kowane kwas yana da fasali iri ɗaya.

Jarrabawa ita ce za ta fi jawo muku hayaniya a majalisar jami'a, musamman tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Manhajojin da ke sa ido ta kyamara ban gamsu da su ba. Suna zargin wanda ƙaninsa ya shigo ɗaki, suna barin wanda ya ajiye waya a gefe. Ku da kuke jami'ar kwana kuna da wata dama da masu karatun nesa zalla ba su da ita: ɗalibanku za su dawo. Ana iya yin karatun duka ta intanet, a rubuta babbar jarrabawa a zaure a makon farko na dawowa. Wanda yake jiran sakamakon don kammalawa a yi masa tambayoyin baki na minti goma sha biyar ta bidiyo a kan aikin da ya miƙa. Cikin minti biyar za ka san ko shi ya rubuta.

Kwasa-kwasan da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ko aikin hannu, ku bar su tukuna.

Akwai maganar malamai, wadda ake yawan bari sai ƙarshe. Gina kwas na intanet karon farko ya fi koyar da shi cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai koyar a hutu ya kamata ya fara naɗa tun zangon da ya gabata. A biya aikin ginawa daban, na koyarwa daban. A kuma rubuta tun farko wa ya mallaki bidiyon, kuma ko jami'a za ta iya ba wani ya koyar da su baɗi. Na ga zumunci ya lalace a kan wannan. Dogon hutu kuma shi ne lokacin da malami yake samun sararin bincike da rubutu, don haka ƙananan malamai masu neman ƙarin girma kada a matsa musu su karɓa don ba sa iya cewa a'a. A ƙayyade mafi ƙarancin ɗaliban da za a buɗe kwas da su, da ranar da za a sanar idan an soke, kada mutum ya gama shiri a ce masa babu aji.

Ofishin magatakarda ma ku shigo da shi tun zaman farko. Sakamakon zango na biyu ya fita kafin a rufe rajistar hutu, in ba haka ba wanda ya faɗi ba zai san ya faɗi ba sai an rufe. Sakamakon hutu kuma ya shiga kafin a rufe rajistar sabon zango. Laburare da masu gyaran matsalar shiga manhaja su kasance a bakin aiki, har da ƙarshen mako, don lokacin ne yawancin ɗalibai suke zama su yi aikin.

Da ni ne kai, Dakta, zan nemi magatakarda ya fito da jerin kwasa-kwasan aji ɗaya da aji biyu da aka fi faɗuwa kuma suke tare hanya, in zaɓi uku ko huɗu marasa aikin hannu, in ba malaman da suke so da kansu, a yi su a mako 8. Idan zango ya dawo, a kwatanta yadda waɗanda suka yi kwas ɗin a hutu suka kaya a kwas na gaba da waɗanda suka yi shi a aji. Da wannan sakamakon za ka koma gaban kwamiti a yanke ko a faɗaɗa ko a tsaya a nan.