Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗaukar Hoto da Bidiyo da Kyamarar Kwamfuta

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan 'yar kyamarar nan da ke saman gilashin laftof, wadda mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai ranar da aka kira su taro ta Zoom.

Daga wani mai karatu a Agege: Assalamu alaikum. Na sayi laftof tokumbo a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, tana da Windows 11. Ta yaya zan ɗauki hoto da bidiyo da ita, kuma ina suke shiga bayan na ɗauka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai ka sauke komai ba, manhajar tana ciki. Danna maɓallin Windows a kibod, ka rubuta Camera, ka buɗe. A gefen dama za ka ga alamar kyamara da alamar bidiyo. Ta farko hoto ce, ta biyu in ka danna sau ɗaya ta fara naɗa, ka sake dannawa ta tsaya. Akwai 'yar alamar agogo da ke ba ka daƙiƙa 2, 5 ko 10 kafin ta ɗauka, don ka samu ka janye hannu ka gyara hula. Duk abin da ka ɗauka yana cikin Pictures, a jakar da ake kira Camera Roll: hotuna a tsarin JPG, bidiyo a MP4. Masu MacBook kuma su buɗe Photo Booth don hoto, ko QuickTime Player su zaɓi New Movie Recording don bidiyo.

Amma kada ka sa rai da yawa. Galibin tsofaffin laftof kyamararsu 720p ce, wato ɗigo 1280 a faɗi da 720 a tsaye, bai ma cika megafiksel ɗaya ba. Wayar da ke aljihunka ta ninka ta sau da dama. Hoton fasfo na biza ko na wata takardar hukuma, je wurin mai hoto.

Daga wani malamin Islamiyya a Idi-Araba: Ina naɗar karatu don ɗalibaina. Fuskata tana fitowa baƙi ƙirin, hoton yana da ƙuraje kamar an watsa masa yashi, wani lokaci kuma wasu layuka suna ta gudu daga sama zuwa ƙasa. Shin sai na sayi sabuwar kyamara?

Allah ya gafarta Malam, ka bar kuɗinka a aljihu tukuna. Matsala uku ka lissafa, kuma dukkansu na haske ne.

Baƙin fuska yawanci daga taga yake. In ka zauna taga tana bayanka, kyamarar za ta auna hasken ranar da ke shigowa, ta rage buɗe idonta don kada bango ya ƙone, kai kuma ka zama inuwa. Juya teburin kawai, ka fuskanci tagar, hasken ya sauka a fuskarka. In rana ta yi ƙarfi, saki farin labule mai shara-shara ya tace ta. Da safe tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10, ko bayan La'asar, hasken ya fi laushi.

Yashin kuwa alamar ƙarancin haske ne. Idon da ke cikin irin wannan kyamara bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ɗaki ya yi duhu, dole ta tilasta wa kanta gani, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige, motsi kuma ya riƙa jan jiki, domin ta rage yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa daga 30 zuwa ƙasa. Ƙwan fitila guda da ke rataye a silin ba ya wadatarwa, ga shi yana zuba inuwa a ƙarƙashin ido da hanci. Samu fitilar caji mai farin haske, ka ajiye ta bayan laftof, ta ɗan ɗara kanka tsayi, ta ɗan karkata gefe, kamar kamu ɗaya da rabi zuwa biyu daga fuskarka. In tana kashe ido, haska ta a farin bango da ke gabanka, hasken ya dawo maka. Masu tabarau su ƙara ɗaga fitilar sama, in ba haka ba za ta bayyana a gilashin.

Layukan da ke gudu su ne suka fi ba mutane mamaki. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma wasu fitilu suna ƙyaftawa daidai da wannan juyin, ko da ido bai gani ba. In an saita kyamara a kan 60 ta zo ta tarar da wutar 50, sai layukan su fito. Laftof ɗin da suka zo daga Amurka sun fi yin haka. Shiga Camera, danna alamar saiti, nemi Flicker reduction, ka zaɓi 50 Hz. Sai dai in ƙaramin janareto ne ke ba ka wuta, juyinsa ba ya tsayawa wuri guda, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, don haka layukan na iya dawowa. A nan kashe ƙwan ɗaki, ka dogara da taga ko fitilar batir.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ɗora laftof a kan littattafai har kyamarar ta zo daidai idonka. In tana ƙasa, ɗalibai haɓa da silin za su yi ta kallo. Kuma ka goge gilashinta da ƙyalle mai laushi. Danshin Legas da maiƙon yatsa suna sa hoto ya yi hazo, musamman in an fito da kwamfuta daga ɗaki mai na'urar sanyaya zuwa waje.

Daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: Tawa da na buɗe sai baƙin allo, wani lokaci da rubutu da wasu lambobi. Wani yaro ya ce kyamarar ta mutu, in kawo a canza.

Alhaji, kafin ka miƙa ta, bi waɗannan. Fara duba saman gilashin da kyau. Laftof da yawa, irin su Lenovo ThinkPad, suna da ɗan murfi da ake turawa gefe. Wasu HP suna da makunni a jikin gefe ko maɓalli mai hoton kyamara a layin sama na kibod. Wannan kaɗai ya sha mayar da mutane gida da dariya. Sai ka shiga Settings, Privacy & security, Camera, ka tabbata an kunna izinin kyamara gaba ɗaya da kuma na manhajar da kake so.

Lambobin ma suna magana. In ka ga 0xA00F4243, wata manhaja ce ta riƙe kyamarar, kamar Zoom, Teams ko wani shafi a Chrome. Rufe su duka, ko ka kashe kwamfutar ka kunna. In 0xA00F4244 ce, Windows ba ta ga kyamarar ba sam. Danna dama a kan alamar Start, buɗe Device Manager, duba ƙarƙashin Cameras. In tana nan da 'yar kibiya, an kashe ta ne, zaɓi Enable device. In da alamar rawaya, zaɓi Uninstall device, ka sake kunna kwamfutar, za ta ɗora direban, wato manhajar da ke tafiyar da kyamarar, da kanta. In babu ita ko kaɗan, musamman in tana zuwa tana tafiya idan ka motsa murfin laftof, to siririyar wayar da ta bi ta cikin mahaɗin murfin ce ta sassauta ko ta tsinke. Nan ne aikin mai gyara ya zo. Ko ka huta, ka sayi kyamara ta USB: Logitech C270 tana ba da 720p, C920 kuma 1080p, kuma da an soka suke aiki. Gwada ta a shagon kafin ka biya, domin jabu sun yi yawa, kwali ya ce 1080p hoto ya ce ƙarya ne.

Daga wata mai sayar da atamfa da leshi a Obalende: Bidiyon kayana launin ba ya fitowa daidai, muryata tana nitsewa cikin ƙarar janareto da hon ɗin danfo, kuma fayil ɗin ya yi nauyin turawa.

Hajiya, launi yana rikicewa ne in an haɗa haske iri biyu, hasken rana da na ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa. Kyamarar ta rasa wanne ne fari, sai shuɗi ya koma toka. Zaɓi ɗaya ki kashe ɗayan. Kuma irin wannan kyamara ba ta iya kama abu na kusa sosai, don haka kada ki kawo ƙyallen ƙasa da kamu biyu. Gaskiya, don nuna zanen leshi, kyamarar bayan waya ta fi. Manhajar DroidCam ko Iriun tana haɗa wayar da kwamfuta ta zama ita ce kyamarar.

Murya kuwa, makirufon laftof yana nesa da bakinki, yana kwasar komai har da ƙugin fankar cikin kwamfutar. Iyafis ɗin waya mai makirufo ya wadatar: maƙala shi a mayafi kamar taƙi ɗaya daga baki, ki shiga Settings, System, Sound, ki zaɓe shi a ƙarƙashin Input. Rufe taga, kashe fankar sama, ki yi gwajin daƙiƙa 10 ki saurara kafin ki fara na gaske.

Nauyin fayil lissafi ne. Bidiyon da ke cin megabit 8 a daƙiƙa yana kai megabayit 60 a minti, minti goma 600 ke nan. Rage ingancin zuwa 720p a saitin Camera, ko ki wuce da shi ta HandBrake, manhajar kyauta ce, ki zaɓi Fast 720p30. In kin tura a WhatsApp a matsayin bidiyo zai matse shi, launin ya ƙara lalacewa. Tura shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har gigabayit 2, ya isa yadda yake, sai dai mai karɓa zai ci data sosai.

Daga wata ɗaliba a Yaba: Rubutun da na ɗaga wa kyamara yana fitowa a juye.

'Yar'uwa, a Zoom ke kaɗai kike ganinsa haka, sauran mutane daidai suke karantawa. In yana damunki, cire alamar Mirror my video a saitin bidiyo. Photo Booth ne ke ajiye hoto a juye da gaske, maganinsa ki shiga Edit ki kunna Auto Flip New Items kafin ki ɗauka.