Darakta yana ba da umarni da baki, sai ya musanta

Malam, ka ce kana mataki na 12 a wata ma'aikata a Gombe, daraktanku yana ba ka umarni da baki, abu ya lalace ya zare hannunsa, na ƙasa da kai kuma kai suke zargi. Shin ka kai ƙararsa wurin babban sakatare? Kada ka kai tukuna. Duk abin da ya faɗa maka, ka koma teburinka ka rubuta shi a fayil a ranar: "Bisa umarninka na yau, zan yi kaza, ina neman amincewarka." Sa kwanan wata da hannu, a shigar da fayil ɗin a littafin rajista, ka ajiye kwafi a gida.

Dalili kuwa, koken da ya tsallake darakta yawanci teburinsa ake mayar da shi don ya yi bayani, kuma shi zai cika maka fom ɗin ƙarin girma. Ba takarda, maganarsa za a ɗauka. Amma in kuɗi ne, kada ka sa hannu a baucar da ba ka ga rubutacciyar amincewarsa ba, ko ya yi fushi. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, wanda hannunsa ke kan takarda shi za su kira.