Injin kwale-kwale mai raunin wuta: a gyara ko a karɓi wani bashi?

Wani ɗan kasuwa da ke dakon kayan gwari da kifi a Kogin Galma, ta wajen Dakace, ya aiko da tambaya kan tsohon injin kwale-kwalensa, Yamaha mai ƙarfin doki 15 da silinda biyu. Da safe sai an gaji da jan igiya kafin ya tashi, idan kuma ya yi zafi sai ƙarfinsa ya faɗi kamar silinda ɗaya ta daina aiki. Bakanike ya sauya fulogi, ya wanke kafireto, yanzu ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi, a sayi sabon CDI, wato ƙaramin akwatin da ke tara wuta ya sake ta domin fulogi ya yi tartsatsi. A gefe guda kuma wani ya yi masa tayin injin na hannu bashi.

Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Shawarata ita ce kada ka sayi CDI ɗin yanzu, kada kuma ka karɓi bashin, sai ka fara biyan kuɗin bincike, domin abin da ke cinye jarin masu tsofaffin injuna shi ne sayen kayan gyara bisa zato, a sauya wannan yau a sauya wancan gobe, har kuɗin da aka kashe ya kusa kai na wani injin alhali cutar tana nan.

Kafin a taɓa wuta, a sa ma'auni a ramin fulogi a auna matsin kowace silinda. Wannan awon ne zai nuna ko injin ya cancanci a kashe masa kuɗi. Idan silindun biyu sun yi kusa da juna, fistin da ringi suna da sauran rai. Idan ɗaya ta gaza ɗaya da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, matsalar ta wuce ta wuta, kuma duk CDI ɗin da ka saya ba zai dawo da ƙarfin ba.

Idan matsi ya yi kyau, sai a bi wutar daga mai araha zuwa mai tsada. Maganaɗisun da ke cikin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, su ne ke haifar da wuta a kwayil (naɗin waya) ɗin da ke ƙarƙashinsa, wutar ta taru a CDI, shi kuma ya sake ta zuwa kwayil na waje, wanda ke ƙara mata ƙarfi ya tura ta fulogi. Rauni a kowace gaɓa yana nuna alama kusan iri ɗaya. Jingina fulogi a jikin inji a ga tartsatsi bai isa shaida ba, saboda wutar da ke tsallake ɗan gibin fulogi a sarari tana iya kasawa a cikin silinda, inda matsi yake da yawa. A yi amfani da ma'aunin tartsatsi, wanda ba shi da tsada: lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara, tana tsallake gibin kimanin santimita ɗaya, mai rauni kuwa ja-ja ce kuma tana yankewa. A nisantar da tankin fetur yayin gwajin, kuma kada a ja igiya alhali wayar fulogi tana reto ba ta haɗe da komai, domin hakan na iya lalata kwayil ko CDI.

Fulogi ne farko. Yawancin injunan Yamaha masu wannan girman suna amfani da NGK B7HS-10, mai gibin kusan milimita ɗaya, kuma jabunsa ya yi yawa a kasuwa. Idan sabon fulogi yana yin baƙi da maiƙo cikin 'yan kwanaki, duba yadda kake haɗa mai. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya na mai cikin 50 na fetur, wato rabin lita a lita 25, da man injin ruwa mai alamar TC-W3. Masu zuba baƙin man mota, ko masu ƙara mai don tausayin inji, su ne suka fi kowa sayen fulogi. Bayan nan sai hular fulogi da wayarta, sai wayoyin at (earth) da ke ɗaure a jikin inji, waɗanda laima ke sa su tsatsa, goge su da sanfefa kuwa ba ya cin ko kwabo. Sai maɓallin kashe inji: a cire wayarsa a sake gwaji, idan wuta ta dawo shuɗiya to shi ne ke zubar da ita.

Alamar da ka bayar, cewa ƙarfi yana faɗuwa bayan inji ya yi zafi, ta fi sa ni zargin kwayil, domin tsohon kwayil mai tsagewa yakan yi aiki da sanyi ya yanke da zafi. Idan injinka mai kwayil biyu ne a waje, a musanya su, in matsalar ta koma ɗaya silindar an kama mai laifi. Idan wutar ta yi rauni a silindun biyu daidai, a ɗaga filawil a auna kwayil na ciki da mitar awon wuta, a goge tsatsar maganaɗisu, a kuma duba ƙaramin makullin ƙarfen da ke riƙe filawil, wanda idan ya karye wuta takan zo ba a lokacinta ba. CDI ne na ƙarshe, kuma ko shi ɗin gara a ari mai lafiya a gwada kafin a saya, tunda masu shago ba kasafai suke karɓar kayan wuta ba idan an riga an ɗaura.

Masu gyaran injin ruwa ba su da yawa a Zariya kamar a Yauri ko Lakwaja, amma tsohon bakaniken babur a Sabon Gari ko Tudun Wada, wanda ya ƙware a babura masu haɗin mai da fetur irin Jincheng, ya san wannan tsarin wutar. Ku yi jinga kan kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, ka sayi kayan da kanka, ka kuma karɓi tsoffin da aka cire.

Game da lissafi, ka fitar da abin da ke rage maka a rana bayan fetur da kuɗin yara, ka ninka shi da kwanakin da injin ya zaunar da kai, saboda wannan asarar tana cikin kuɗin gyara ko da ba ka zaro ta daga aljihu ba. A ganina, idan matsi yana da kyau kuma duk gyaran bai kai sulusin farashin injin da aka yi maka tayi ba, gyara ya fi. Idan matsi ya faɗi, ga kuma wuta tana neman kuɗi, sai a duba tayin. Ko a nan kada ka karɓa sai an kunna shi a cikin duro cike da ruwa har ya yi zafi, an auna matsinsa, an kuma duba man giya, wanda idan ya yi fari to ruwa yana shiga. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a daidaita biya mafi yawa da damina, lokacin da Galma ke cika kuma dako ke tafiya, sannan ka ajiye tsohon injin, domin farfela da kafireto da kwayil ɗinsa za su yi maka amfani idan samfurin ɗaya ne.